Ƙudan ɓawon mangwaro da iyakar da ido ba ya gani

1/ Zaren yau mai tsawo ne, ku gyara zama. Kun san ƙananan ƙudajen nan masu jan ido da ke taruwa kan ɓawon mangwaro ko ruɓaɓɓen tumatir? Tarihin mutanen da suka ƙarar da shekarunsu suna leƙen tsutsar ƙudan nan zan ba ku, har suka gano yadda jiki ke shata iyakokinsa. 🧵

2/ Kalmomi biyu tukuna, don kada mu rikice a gaba. "Sel" shi ne ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jikin duk mai rai da shi. "Ƙwayar gado" kuma wani yanki ne na DNA da ke ɗauke da umarni guda, galibi na yadda za a haɗa wani furotin.

3/ Ga tambayar. Sel ɗin da ke goshinka da wanda ke tafin ƙafarka kundin gado iri ɗaya suke ɗauke da shi. To wa ya faɗa wa wannan cewa a goshi yake? Wa ya ce wa wancan "iyakarka nan, kada ka tsallaka"? A jikin mutum abin ya yi wuyar bibiya. A jikin ƙuda aka fara samun amsa.

4/ Sunansa a littafi Drosophila melanogaster. Asalinsa ɗan Afirka ne, kudu da Sahara, daga nan ya bi ɗan Adam da kayan marmarinsa ya zaga duniya. Amma labarinmu a New York ya fara, a wani ɗan ɗaki a Jami'ar Columbia, inda Thomas Hunt Morgan ke kiwonsa cikin kwalaben madara yana ba shi ayaba.

5/ Me ya sa ƙuda? Kwana 10 ya ishe shi daga ƙwai zuwa balaga, mace ɗaya na zuba ƙwai ɗaruruwa, abincinsa ba tsada. A 1910 Morgan ya tsinci namiji mai farin ido, daga nan ilimin gado ya kama hanya. Ya samu kyautar Nobel a 1933. Wannan wani zaren ne daban.

6/ Namu ya fi shafar wani yaronsa, Calvin Bridges. Yana ɗalibin digiri na farko aka ɗauke shi wankin kwalabe a ɗakin, sai aka lura yana da ido. A 1915 ya ga wani ƙuda da siffarsa ba ta yi daidai ba, aka sa masa suna bithorax, wato mai ƙirji biyu.

7/ Jikin ƙwaro gaɓa-gaɓa ne kamar rake. Ƙirjin ƙuda gaɓa uku ne. Fukafukai biyu suna gaɓa ta biyu. Ta uku kuwa wasu 'yan abubuwa biyu gare ta kamar kan ashana, da su yake daidaita kansa a iska. A ƙudan Bridges, wani ɓangare na kan ashanar ya rikiɗe ya zama fiffike.

8/ Ku lura da kyau, gaɓar ba lalacewa ta yi ba. Sunanta ta manta, ta kwaikwayi maƙwabciyarta ta gaba.

9/ Wanda ya rungumi wannan matsala shi ne Edward Lewis na Caltech a jihar California. Tun daga 1946 yake haɗa auren ƙudaje, yana tara tangarɗa kan tangarɗa, har ya fitar da ƙuda mai cikakkun fukafukai huɗu. Sai 1978 ya fitar da babbar maƙalarsa a mujallar Nature. Shekara talatin da ɗoriya kan gungun ƙwayoyin gado guda. Haƙuri ke nan.

10/ Abin da ya gano: ƙwayoyin gadon da ke faɗa wa gaɓoɓin bayan ƙirji da na ciki ko su wane ne, a jere suke kan kuromosom ɗaya, kuma jerinsu ya bi jerin gaɓoɓin daga gaba zuwa baya. Kamar an rubuta taswirar jiki a layi.

11/ Sai dai waɗannan masu raɗin suna ne. Sai an haifi gaɓa sannan a raɗa mata suna. Wa ya yanka jikin gaɓa-gaɓa tun farko, wa ya ja layi tsakaninsu? Lewis bai amsa wannan ba. Mu bar Amurka mu tafi Sifaniya.

12/ Madrid, 1973, Janar Franco na kan mulki, kuɗin bincike ba yawa. Antonio García-Bellido, wanda ya taɓa aiki a wurin Lewis, yana tare da ɗalibansa biyu, Pedro Ripoll da Ginés Morata. Su ba gaɓoɓi suke ƙirgawa ba. So suke su ga yadda fiffike ke girma.

13/ Dabararsu: su haska tsutsa da hasken eksire, irin na ɗaukar hoton ƙashi, sai sel ɗaya ya samu tambari, misali gashin da zai fitar ya sha bamban da na sauran. Duk 'ya'yansa da jikokinsa za su gaji tambarin. Idan ƙuda ya balaga, sai ka ga zuriyar sel ɗin nan a fiffike kamar tabo.

14/ Gefen tabon a karkace yake, shiga nan fita can, domin zuriyoyi na cuɗanya da juna. Sai suka ƙara wata dabara: suka sa sel mai tambarin ya fi maƙwabtansa saurin hayayyafa. Tabon ya yi girma, ya mamaye kusan rabin fiffike. Sannan ya tsaya cak a kan wani miƙaƙƙen layi.

15/ Aka maimaita a ƙuda bayan ƙuda, kullum a wuri ɗaya. Zuriyar da ta taso daga gaba ba ta tsallakawa baya, ta baya ba ta tsallakawa gaba. Kuma a wurin babu jijiya, babu ninki, babu wata alama. Layin ya ratsa ta tsakiyar fili ne, tsakanin jijiya ta uku da ta huɗu ta fiffiken.

16/ Ku ɗauka kabewa ce ta yaɗu a gona, ta ci ko'ina, sai ta iso wani wuri ta tsaya a miƙe kamar an ja igiya, alhali babu shinge babu kunya. Haka abin yake. Suka kira ɓangarorin biyu ɗakuna: kowace gaɓa tana da ɗakin gaba da ɗakin baya.

17/ Francis Crick, mai DNA ɗin nan, abin ya burge shi har shi da Peter Lawrence suka rubuta maƙala a 1975 suna yayata aikin 'yan Madrid. A shekarar kuma Morata da Lawrence suka nuna a Cambridge cewa wata ƙwayar gado mai suna engrailed ce katin shaidar ɗakin baya. Sel na baya da ya rasa ta, sai ya daina girmama layin, ya tsallaka.

18/ Ku riƙe layin Madrid a ranku, za mu dawo kansa. Yanzu Jamus, inda zuciyar labarin take.

19/ Christiane Nüsslein-Volhard Bajamushiya ce, an haife ta 1942. Eric Wieschaus Ba'amurke, 1947. Sun san juna a ɗakin binciken Walter Gehring a Basel ta ƙasar Suwizalan. A 1978 aka ba su ɗan ƙaramin ɗaki su biyu a cibiyar binciken halittu ta Turai, EMBL, a Heidelberg.

20/ Tunaninsu mai sauƙi ne har ya yi kama da wauta. Idan kana son sanin ƙwayoyin gadon da ke gina jiki, lalata su ɗaya bayan ɗaya ka ga me zai ɓaci. Magabata sun fi kallon baligin ƙuda. Amma ƙwayar gadon da ke da muhimmanci sosai, in ta lalace, ai ɗan ba zai ƙyanƙyashe ba balle ya balaga. Don haka suka ce gawar za su duba.

21/ Suka ciyar da mazan ƙudaje wani sinadari, EMS, mai jawo tangarɗa barkatai a DNA. Suka haɗa su aure, suka ware zuriya-zuriya, kowace da kwalbarta. Sannan su tattara ƙwayayen da suka ƙi ƙyanƙyashewa, su narkar da cikin, fatar tsutsar kaɗai ta rage kan gilashi.

22/ Fatar ita ce allon karatun. A ƙarƙashin cikin tsutsa akwai 'yan ƙayoyi a jere kamar ɗamara, da su take jan ciki. Ɗamara ɗaya a kowace gaɓa: uku na ƙirji, takwas na ciki. Tsakanin ɗamara da ɗamara fata ce sumul. In wata gaɓa ta ɓace ko ta juya, ɗamarar za ta tona asiri.

23/ Maikuroskof ɗinsu mai wurin leƙe biyu ne, suna zaune fuska da fuska suna kallon gilashi ɗaya a lokaci ɗaya, suna gardama kan abin da suke gani. Haka suka bi zuriya kusan 27,000, daga baya da taimakon Gerd Jürgens da Hildegard Kluding. Babu kwamfutar da ta tantance musu. Ido ne da ƙwaƙwalwa.

24/ A ƙarshe suka samu tangarɗa kimanin 600 da suka faɗa kan ƙwayoyin gado kimanin 120. Ƙuda fa yana da wajen 14,000. Ashe masu zana fasalin jiki 'yan kaɗan ne, ana iya ƙirga su. Wannan kaɗai ya isa labari.

25/ Tun kafin su kammala, a Oktoban 1980, suka fitar da maƙala a Nature kan guda 15 da suka shafi gaɓoɓi. Wasu an san da su a baya, amma ba wanda ya jera su haka. Gawawwakin sun kasu gida uku.

26/ Gida na farko: an ɗebe babban yanki gaba ɗaya, gaɓoɓi da yawa a jere sun ɓace, sai giɓi. Nan ake da Krüppel, wato gurgu da Jamusanci, da knirps, ɗan tsurut, da hunchback, mai doro.

27/ Gida na biyu shi ya fi ɗaure kai. A ɗauke gaɓa ɗaya a bar ɗaya, a ɗauke ɗaya a bar ɗaya, tun daga gaba har baya. Tsutsa ta fito da rabin adadin gaɓoɓinta. Akwai even-skipped da odd-skipped, mai tsallake cika da mai tsallake mara. Wata irinsu da Barbara Wakimoto ta samo a Amurka an sa mata fushi tarazu, da Japananci: gaɓoɓi ba su isa ba.

28/ Me ya sa ya ɗaure kai? Domin babu wani abu a jikin ƙuda da ke tafiya gaɓa bibbiyu. Ba wanda zai kalli ƙuda ya yi hasashen cewa ɗan tayinsa na ƙirge da biyu-biyu. Gawar ce ta faɗa.

29/ Gida na uku: adadin gaɓoɓi daidai, amma a cikin kowace an goge wani ɓangare an maye shi da hoton madubi na abin da ya rage. Wata tsutsar ta fito gajeriya, ƙaya ta rufe cikinta ko'ina babu sumul. Suka ce ai wannan bushiya ce: hedgehog. Ku riƙe sunan nan ma.

30/ Daga wannan suka ce ɗan tayi mataki-mataki yake raba kansa: manyan yankuna, sannan bibbiyu, sannan kowace gaɓa da gabanta da bayanta. Kamar a raba ƙasa jihohi, jihohi ƙananan hukumomi, su kuma gundumomi. Abin da ke burge ni: a lokacin ba su san furotin ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin gado ba. Daga fatar matacciyar tsutsa suka karanto tsarin.

31/ Bayan 'yan shekaru aka samu hanyar rina ɗan tayi don a ga inda kowace ƙwayar gado ke aiki. A 1984, a ɗakin Gehring, aka rina fushi tarazu. Sai ga ratsi bakwai ras a jikin ƙwai, tun ba a ga alamar gaɓa ko ɗaya ba. A 1985 aka rina engrailed: ratsi 14. Bibbiyun nan da gaske ne, ga shi ido ya gani.

32/ Yanzu layin Madrid. A 1985 Alfonso Martinez Arias da Peter Lawrence suka nuna cewa yankan farko da ɗan tayi ke yi ba a kan iyakar gaɓoɓin da muke gani yake ba. A goce yake. Kowane yanki na farko ya ƙunshi ɗakin bayan wata gaɓa da ɗakin gaban wadda ke bi mata.

33/ Wato iyakar da aka fara shatawa ita ce gefen gaba na ratsin engrailed, kuma ita ce dai layin da tabon García-Bellido ya ƙi tsallakawa a fiffike. An ja shi tun ƙwai na da 'yan awanni, zuriyar sel ɗin suka riƙe shi har balaga. Gaɓoɓin da ido ke gani daga baya suka zo. Ta ainihin ta ɓuya a tsakiyarsu.

34/ Saura tambaya ɗaya a can tushe: wa ya faɗa wa ƙwai ina ne gaba? Uwa. Nüsslein-Volhard ta koma Tübingen a 1981, ta bi wata ƙwayar gado, bicoid. Uwar da ta rasa ta, 'ya'yanta ba kai ba ƙirji, sai wani guntun wutsiya a inda kai ya kamata ya kasance.

35/ A nan sai kun san wani abu game da ƙwan ƙuda. Tsawonsa rabin milimita. A awanni biyu zuwa uku na farko cibiyar sel ce kawai ke rabuwa, sau 13, babu bango tsakani. Cibiyoyi kusan 6,000 su jeru a gefen ƙwan, duk a ɗaki ɗaya. Don haka furotin na iya yawo daga wannan zuwa waccan ba shamaki.

36/ A 1988 ita da ɗalibinta Wolfgang Driever suka nuna cewa uwa na ajiye saƙon bicoid a goshin ƙwai, furotin ɗinsa ya bazu zuwa baya yana raguwa. Kamar turaren wuta a ɗaki: kusa da kasko ƙamshi ya yi ƙarfi, bakin ƙofa ya yi sanyi. Kowace cibiya ta shaƙi nata ta san nisanta daga goshi.

37/ Hujjar da ta rufe bakin kowa: da suka ƙara wa uwa yawan bicoid, sai iyakar kan ɗan tayi ta matsa baya. Da suka rage, ta matso gaba. Lewis Wolpert, haifaffen Afirka ta Kudu wanda injiniyan gini ne kafin ya koma nazarin halittu, ya yi hasashen irin wannan tun 1969. Sai yanzu aka kama sinadarin da hannu.

38/ Wani ɗan ratse mai daɗi. Alan Turing, na kwamfuta, ya nuna a 1952 da lissafi cewa sinadarai biyu na iya haifar da ratsi da kansu, a tsare. Da aka ga ratsi bakwai, masu lissafi da yawa suka ce shi ke nan, ga Turing. Ashe ƙuda bai karanta maƙalar ba.

39/ Ratsin nan kusan kowane da makunninsa daban a DNA. Ɗakin Michael Levine ya warware na biyu na even-skipped a farkon shekarun 1990: bicoid da hunchback su kunna shi, wata mai suna giant ta datse shi ta gaba, Krüppel ta datse shi ta baya. Abin da ya tsira a tsakiya shi ne ratsin. Michael Akam ya riga ya kira irin wannan aiki yin ratsi ba tare da ƙayatarwa ba. Ni kam ya ƙayatar da ni.

40/ To amma turaren uwa da ratsi bakwai duk na ɗan lokaci ne. Bayan awa uku bango ya tashi tsakanin cibiyoyi, kowa ya zama sel mai ɗakinsa, alamomin farko su dushe. Ta yaya layin ke dawwama? Wannan ne ɓangaren da na fi so a duk labarin.

41/ A gaban layin akwai jerin sel masu kunna wingless, wato marar fiffike. A bayansa masu engrailed. Na baya su fitar da furotin hedgehog, ya tsallaka ya ce wa na gaba su ci gaba da wingless. Na gaba su fitar da wingless, ya tsallaka ya ce wa na baya su ci gaba da engrailed.

42/ An nuna haka a 1988: cire wingless, ratsin engrailed ya kunnu sannan ya mutu. Cire engrailed, wingless ya mutu. Kowane ɓangare na riƙe da shaidarsa ne saboda maƙwabcin da ke tsallaken layi yana ta tuna masa. In ɗaya ya yi shiru, iyakar ta goge, kuma abin da kuka gani a tsutsar bushiya ke nan.

43/ Af, wingless ba a Turai aka fara ganinta ba. R. P. Sharma ne ya samo ta a 1973 a cibiyar binciken noma ta Indiya da ke New Delhi. Ba kasafai ake ambatonsa ba.

44/ Shi kuma miƙewar layin fa? An daɗe ana cewa kamar mai da ruwa ne, sel ɗin ɓangarorin biyu ba sa manne wa juna sosai. A 2009 a Dresden aka tsinke gefen sel da hasken leza a kan iyakar, aka ga ya zabura da ƙarfin da ya ninka na sauran wurare fiye da sau biyu. Alamar a ɗaure yake tamau.

45/ A 2010 ɗakin Bénédicte Sanson a Cambridge ya nuna igiyar kanta a ɗan tayi: furotin mayosin, dangin wanda ke jan tsokarmu, ya jeru a kan layin. Sel na rabuwa ya turo kai cikin ɗakin maƙwabta, igiyar ta mayar da shi. Da suka kashe mayosin ɗin a wurin, sel suka fara kutse. Shekara 37 bayan Madrid.

46/ Na san wani zai ce to ina ruwanmu da ƙuda. Ba shi ne farau ba. A 2008 Sarah Palin, tana takarar mataimakiyar shugaban Amurka, ta yi wa binciken ƙudan 'ya'yan itace ba'a a bainar jama'a a matsayin ɓarnar kuɗi. To ga ruwanmu.

47/ A 1982 Roel Nusse da Harold Varmus suka samo ƙwayar gadon da ke jawo sankarar mama a ɓera, suka sa mata int-1. A 1987 aka gano ita ce wingless. Aka haɗe sunayen biyu ya zama Wnt. Yau an san mafi yawan ciwon dajin hanji a mutane daga tangarɗa a wannan hanyar saƙo yake farawa.

48/ Bushiya ma muna da ita, har guda uku. Ɗaya an sa mata Sonic hedgehog a 1993 a ɗakin Cliff Tabin na Harvard, sunan bushiyar wasan Sega. Tana cikin masu tsara yatsu daga babban yatsa zuwa ƙarami, da raba ƙwaƙwalwar gaba gida biyu. A 1996 aka danganta tangarɗarta da jariran da ake haifa ƙwaƙwalwarsu ba ta rabu ba.

49/ A shekarun 1950 makiyaya a jihar Idaho suka riƙa ganin tumakinsu na haihuwar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Aka bi diddigi aka gano wata ciyawar kan tudu ce iyayen ke ci da ƙaramin ciki. Sai 1998 aka fahimci sinadarin ciyawar saƙon hedgehog yake toshewa.

50/ Shi kuma ciwon dajin fata mafi yawa a duniya, saƙon hedgehog ne ke maƙalewa a kunne ya ƙi mutuwa. Abin da ya naƙasa 'yan tumaki sai ya nuna hanyar magani. A 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da vismodegib, maganin da ke toshe wannan hanya. Daga gajeriyar tsutsa mai ƙaya a Heidelberg zuwa kantin magani, shekara 32.

51/ Masu raɗin sunan Lewis ma haka. A 1984 ɗakin Gehring, da kuma Matthew Scott da Amy Weiner a Indiana, suka ga wani guntun DNA mai harafi 180 da ke maimaituwa a cikinsu. A shekarar aka same shi a kwaɗo. Ƙuda na da irin waɗannan ƙwayoyin gado 8, mu muna da 39, kuma namu ma a jere suke bisa jerin jiki.

52/ Amma kada a wuce gona da iri, don na ga masu cewa mutum ƙuda ne babba. A'a. Gaɓoɓin ƙashin bayanmu ba a yanka su lokaci guda kamar na ƙuda. Ɗaya bayan ɗaya suke fitowa daga kai zuwa ƙasa, da wani agogo a cikin sel. Ɗakin Olivier Pourquié ya nuna shi a ɗan tayin kaza a 1997, yana bugawa duk minti 90. Kayan aiki sun yi kama, salon gini ya bambanta.

53/ Ɗakunan da ba a tsallakawa kuwa akwai su a masu ƙashin baya. A 1990 aka nuna su a ƙwaƙwalwar baya ta ɗan tayin kaza, da irin dabarar bin zuriyar sel ɗaya.

54/ A 1995 aka ba Lewis da Nüsslein-Volhard da Wieschaus kyautar Nobel ta likitanci. Ita ce Bajamushiya ta farko da ta samu a wannan fanni. Ƙa'ida ta hana a wuce mutum uku, don haka García-Bellido bai shiga ba. Ban ce a cire kowa ba, ukun sun cancanta. Amma a ganina duk wanda zai ba da labarin nan ya tsallake Madrid ya rage mudu.

55/ Wani abin lura: an gano matakan ne a juye. A cikin ƙwai, turaren uwa ne farko, sai yankan yankuna, sai iyaka, sai raɗin suna. A tarihi kuwa raɗin suna aka fara gani a 1915, iyaka 1973, yanka 1980, turaren uwa 1988. Daga ƙarshen labari aka karanto zuwa farkonsa.

56/ Yanzu a Najeriya ma ana aiki da ƙudan nan, akwai cibiyar bincike da horarwa a kansa a Ibadan. Ga ɗalibin da jami'arsa ba ta da kuɗin kiwon ɓeraye, wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce.

57/ Mai son gani da idonsa: sa ɓawon ayaba a kwalba, bar ta a buɗe kwana ɗaya ko biyu, sannan ka ɗaure bakin da ƙyalle. Bayan kwana huɗu zuwa biyar za ka ga fararen tsutsotsi na hawa jikin kwalbar. Ɗauki ɗaya ka duba da gilashin ƙara girma, ka ƙirga gaɓoɓin. Su za ka gani. Layin Madrid kuwa sai an rina.